Ko Kun Sani? Kanumfari Na Sa Kifi Barci

Kanumfarin da ake jefawa a shayi da kunu a gidajenmu yana da wani aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Idan mai bincike zai auna tarwaɗa ko ƙarfasa, ko ya ɗebi jininta, yakan ɗiga man kanumfari kaɗan a ruwa. Cikin 'yan mintoci sai kifin ya daina fiffika, ya kwanta a gefe. Da an gama aka mayar da shi ruwa mai tsabta, sai ya farfaɗo. Sinadarin da ke wannan aiki sunansa yujinol, shi ne kuma ke kwantar da ciwon haƙori idan an danna kanumfari a kai.

Me ya kawo wannan lallaɓawa? A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sukotlan suka gano jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni a fuskar wani kifin ruwan sanyi. Da aka yi masa allurar sinadari mai zafi a leɓe, sai ya ƙaurace wa abinci, yana goga bakinsa a tsakuwa. Shirun kifi ne ya daɗe yana ruɗar mutane, har suka ɗauka ba ya jin zafi.

Lallaɓawar ba ta tsaya a kan sa kifi barci ba. Tarwaɗa, duk taurin ranta, tana da wata gaɓa kusa da matatar numfashinta da take shaƙar iska da ita. Shi ya sa ɗalibin da ya san aikinsa ba ya cika tankinta fal ya rufe ruf. Yakan bar mata sararin leƙowa sama.