Yadda Ake Auna Tasirin Mai Bincike: Misalin Harald Löe da Ciwon Dasashi

A shekarar 1965, wani likitan haƙori ɗan ƙasar Norwe mai suna Harald Löe, tare da abokan aikinsa biyu a birnin Aarhus na ƙasar Denmak, suka roƙi mutum 12 masu lafiyayyen baki, yawancinsu ɗaliban likitancin haƙori, da su daina goge baki baki ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 sai dasashin kowannensu ya kumbura, ya yi ja. Da suka koma ga buroshi, kumburin ya sace cikin kusan mako guda. Da wannan ɗan gwaji aka tabbatar cewa dattin nan mai yauƙi da ke manne wa gindin haƙori, wanda ke cike da ƙwayoyin cuta, shi ne ke haddasa kumburin dasashi. An buga sakamakon a mujallar Journal of Periodontology.

To, da me za a auna girman aiki irin wannan?

Abin da jami'o'i suka fi dogara da shi shi ne ƙidayar ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da maƙalar mutum a nasu rubutun. Eugene Garfield na Amurka ne ya kawo wannan tunani a 1955, ya kuma fitar da kundinsa na Science Citation Index a 1964. A yau Web of Science da Scopus da Google Scholar ne ke wannan lissafi, kuma da wuya alƙalumansu su zo daidai, domin kowanne da irin mujallun da yake tattarawa. A 2005 masanin fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h. Idan aka ce na wani 30 ne, ana nufin yana da maƙala 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Amfaninsa shi ne yana hana mai tarin rubutun da ba wanda ya karanta ya yi tinƙaho da yawa kawai.

Amma a dubi abin da ƙidayar ke gani a aikin Löe. Cikin maƙalunsa da aka fi ambato akwai biyu da ya rubuta da John Silness a 1963 da 1964 a kan dasashin mata masu juna biyu. Yawancin masu ambatonsu ba ruwansu da batun ciki. Abin da suke nema shi ne ma'aunan da ke ciki, kamar wanda ke ba dasashi maki daga 0 zuwa 3: sifili ga lafiyayye, 2 ga wanda ke jini idan likita ya taɓa shi da ɗan tsinken awo, 3 ga wanda ke jini da kansa. Duk mai gwada sabon man goge baki ko ruwan kurkure baki yana bukatar irin wannan awo, sai ya ambace su. Maƙalar da ta samar da kayan aiki kan tara ambato fiye da wadda ta sauya tunani.

Gwajin 1965 kuwa tasirinsa ya wuce abin da kwamfuta za ta ƙirga. Duk likitan da ya ce wa majinyaci ya riƙa goge gindin haƙora ko da suna jini, a kan wannan bincike yake tsaye, ko bai taɓa jin sunan Löe ba. Ilimi idan ya zama ruwan dare, sai a daina faɗin mai shi.

Akwai kuma matsalar lokaci. Daga 1970 Löe da tawagarsa suka yi shekara 15 suna bibiyar ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka waɗanda ba su taɓa samun kulawar likitan haƙori ba. A 1986 suka bayyana cewa kusan kashi 8 cikin ɗari cutar dasashi ta cinye ƙashin da ke riƙe haƙoransu da sauri, kashi 81 a hankali, kashi 11 kuma ba ta wuce kumburin dasashi ba. Ashe datti kaɗai bai isa ba, jikin mutum ma na da nasa hannu. Ma'aunin tasirin mujalla, wanda ke duba ambaton shekara biyu kacal, ba shi da haƙurin jiran irin wannan aiki. Shi ya sa a 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Faransisko, suna kira da a daina hukunta mai bincike da darajar mujallar da ya buga aikinsa.

Wannan batu ya shafe mu a Nijeriya kai tsaye. Cutar nan da likitoci ke kira noma, mai cin kunci da leɓen yara ƙanana, daga gyambon dasashi take farawa, a jikin yaron da yunwa ta raunana. Tun 1999 akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, kuma Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya da ya yi aiki a Jami'ar Maryland, ya shafe shekaru yana bincike a kanta. Masu nazarinta 'yan kaɗan ne a duniya, don haka masu ambaton juna ma kaɗan ne. Kwamitin ƙarin girma da zai jera mai binciken noma da mai binciken dashen haƙori bisa ma'aunin h kaɗai, a ganina, ya zalunci na farkon. Ya kamata kwamitin ya zauna ya karanta maƙala uku ko huɗu na kowanne, ya tambaya wace ƙa'idar jinya ko manufar gwamnati ta sauya saboda su. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan bukatar da Nijeriya ta jagoranta, kuma hujjojin da aka gabatar daga irin waɗannan maƙalu ne aka ciro su.