Shi'ira da Rijil: wanne ya fi haske?

Daga tashar lantarki ta Ɗan Agundi ake raba wa unguwanni da dama na Kano wuta. Da an ɗauke ta a daren hunturu, in hazo bai yi kauri ba, wanda ke tsaye a bakin ƙofar tashar zai hango Shi'ira ta kudu maso gabas, tauraron nan da aka ambata a Suratun Najmi. Sama da shi akwai Rijil, wanda Shi'ira ya ninka haske wajen sau huɗu a ido.

Nan ɗaliban fiziks suke tuntuɓe, daga na sakandare har na Jami'ar Bayero. In an tambaye su wanne ya fi fitar da haske, sai su ce Shi'ira, alhali abu biyu ne daban: hasken da ya iso idonka, da ƙarfin da tauraron yake fitarwa, wanda ake aunawa da wat. Tocila a hannunka ta fi fitilar tirela da ke can nesa a titin BUK cika ido, amma ba ta kai ta ƙarfi ba. Haske yana bazuwa ne ta kowace fuska, don haka in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne yake iso maka. In ya ninka goma, ɗaya cikin ɗari.

Hasken Shi'ira shekara 8.6 yake yi a hanya, ƙarfinsa kuma ya ninka na rana kusan sau 25. Na Rijil yakan yi wajen shekara 860, ƙarfinsa ya ninka na rana sau dubun-dubata. Nisa ne ya danne shi.

Sai ma'aunin maganitud, wanda ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. A 1856 Norman Pogson ya tsayar da cewa tazarar mataki biyar daidai take da ninki 100. Ina ganin kuskure ne malami ya fara da wannan lissafi kafin ɗalibi ya gane zancen nisa. Hadda kawai zai yi.

Domin a yi adalci wajen kwatanta taurari, masana sukan ƙaddara kowane tauraro a nisa guda, tafiyar haske ta shekara 32.6. A can ranarmu za ta koma mataki 4.8, da ƙyar a gan ta daga cikin gari, Rijil kuwa zai ninka Zara haske sau da yawa.