Zambo da Alƙalami: Masu Zanen Ba'a na Ingila a Zamanin Da

Babu Bahaushen da bai san zambo ba. Ko a nan Ibadan, in ana biki a Sabo ko wajen Akinyele, maroƙi ya wasa mutum bai ga kome ba, to, sai waƙa ta juya. Ba ya kama suna. Sai ya ɗauki abu guda na jikin mutumin, ko tumbi, ko giɓi, ko rowa, ya yi ta hura shi har kowa ya gane wanda ake nufi. Galibi kuwa maganin abin ɗaya ne, watau a miƙa wa maroƙin wani abu ya yi shiru.

Turawan Ingila ma sun yi irin wannan sana'a, amma su da zane suka yi ta. Lokacin da ta fi kasuwa shi ne zamanin sarakunansu huɗu masu suna Joji, waɗanda suka yi sarauta bi da bi daga 1714 zuwa 1830. Yana da kyau mai shirin zama malami ya san labarin, gama daga can ne zanen ba'a na jaridunmu ya samo asali.

Ga yadda ake yinsa. Mai zane zai sami farantin jan ƙarfe ya shafe shi da kaki, sa'an nan ya yi zanensa a kai da allura, yana kankare kakin. Kana a tsoma farantin cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, dangin ruwan batir. Ruwan ba ya taɓa inda kaki ya rufe, sai inda allura ta bi. In an wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a danna takarda a kai da injin matsi, sai hoto ya fito. Faranti guda yakan ba da ɗaruruwan takardu. Launi kuwa da hannu ake sa shi, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba launi wajen sule guda ne, mai launi sule biyu, kuɗin da talaka ba zai iya fitarwa ba. Amma masu kanti sukan jera hotunan a tagoginsu na gilashi, jama'a su taru a bakin titi suna kallo kyauta, har da waɗanda ba su iya karatu ba.

William Hogarth ne ya share fage. Hotonsa na 1751 ya nuna wata unguwar Landan da barasa ta lalata, ga mace ta bugu har jaririnta ya suɓuce daga hannunta. Shi halin jama'a ya fi zargi. Wanda ya kai abin kan manya sosai shi ne James Gillray, wanda aka haifa a 1756 ya mutu a 1815. Wata mace mai kanti, Hannah Humphrey, ita ke sayar da aikinsa, kantin kuwa yana titin St James, dab da fada.

A 1792 Gillray ya zana yarima mai jiran gado, ya ci ya ƙoshi ya baje a kujera, tumbi na neman tsinke maɓallan riga, yana sakace da cokali mai yatsu, ga kwalaben giya a ƙarƙashin tebur, ga takardun bashin da bai biya ba. Ku tuna, ɗan sarki ne wannan, kuma yana da rai. A 1805 kuma ya yi hotonsa da ya fi shahara. Firayim Minista William Pitt, siriri kamar sillen kara, da Napoliyon na Faransa suna zaune a tebur guda, an ajiye musu duniya a faranti kamar malmalar tuwo. Pitt ya yanki teku, Napoliyon ya yanki ƙasashen Turai. Malamin tarihi zai yi awa guda yana bayanin yaƙin nan bai kai inda hoton ya kai ba.

Sai dai a lura da abin da Gillray ya yi wa Napoliyon. Yakan zana shi ɗan tsurut, hula ta fi shi girma, yana ta kumfar baki kamar yaro. Alhali mutumin ba gajere ba ne, tsawonsa daidai na mazan Faransa na lokacinsa. Amma har yau, bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya, in ka tambayi mutane za su ce maka gajere ne. Zambon da ya yi daɗi ba ya jiran shaida.

To, yaya manya suka yi da waɗannan mutane? Kai su kotu bai cika amfani ba, don sai an ɗaga hoton a gaban alƙali an bayyana abin dariyar, kunyar ta ƙaru. Sai suka bi hanyar da attajirinmu ke bi da maroƙi. Wajen ƙarshen 1797 mutanen Pitt suka yanka wa Gillray fam 200 kowace shekara a ɓoye, ta hannun George Canning. Daga nan kaifin allurarsa ya fi komawa kan Charles James Fox, jagoran masu hamayya, wanda yakan zana da gemu buzu-buzu kamar ɗan tawayen Faransa. Yariman nan mai tumbi kuwa, da ya hau gado a 1820 ya zama Joji na Huɗu, sai aka ba wani mai zane, George Cruikshank, fam 100 bisa alkawarin ba zai ƙara zana sarki cikin halin lalata ba. Har rasit aka rubuta! Fada takan kuma sayi faranti da dukan takardun da aka buga don kada su fita.

A ganina wannan bai rage ƙwarewar Gillray ba ko kaɗan, hotunansa na bayan 1797 suna cikin mafiya kyau. Abin da ya canja shi ne wanda ake yi wa dariya. Saboda haka in ka kai irin hoton nan aji, kada ka tsaya ga tambayar yara me suka gani. Tambaye su abin da aka ƙara wa girma, da wanda aka ƙyale ba a zana ba, da kuma wanda ya biya kuɗin bugawa.

Ba sai an je Landan neman misali ba. Akinola Lasekan, mutumin Owo, mai sa hannu da sunan Lash, ya fara zane a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe a 1944. Ya yi wa Turawan mulki ba'a ba tsoro, aikinsa ya taimaki neman 'yancin kai ƙwarai. Amma jaridar ta shugaban NCNC ce, don haka da jam'iyyu suka ja daga bayan 1951, Action Group ta sha zambo a hannunsa. Ita kuwa tana da tata jaridar a nan Ibadan, Nigerian Tribune, wadda Obafemi Awolowo ya kafa a 1949.