Safa Daidai da Ƙafa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko mana daga ƙasar Nijar, ba dutse ba kurmi da zai tare ta. Mutanen Maigatari da Sule Tankarkar su ne sukan fara shan ta kafin ta kai Gumel da Gagarawa. A lokacin nan faso yakan tsattsaga diddige, tsofaffi kuwa su kwana ƙafa kamar ƙanƙara. Matan da muke koya wa saƙa sun iya hular jariri da 'yar rigar sanyi, amma yawancinsu suna jin tsoron safa saboda kwanar diddige.

Bari mu faɗi gaskiya tun da fari. Wadda ta saƙa safa domin ta yi gasa da mai gwanjo a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ta yi wahalar banza. Tasa ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma safar kasuwa an yi ta ne domin ƙafar kowa, akwai kuwa ƙafafun da ba irin na kowa ba: ƙafar tsohuwa mai kumburi, da ta mai ciwon sukari, da ta wanda kuturta ta rage masa yatsu. Waɗannan su ne muke so a yi wa awo.

Ga dalili. Kuturta tana warkewa da magani cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Sai dai jijiyar da ta riga ta mutu ba ta cika dawowa ba. Mutum ya warke, amma tafin ƙafarsa ba ya jin zafi. Haka ma wanda ciwon sukari ya daɗe a jikinsa. In safa ta yi masa yawa ta naɗe cikin takalmi, za ta yi ta gurzar fata daga gida har gona bai sani ba. Da yamma sai bororo, bayan kwana kaɗan sai gyambo. In kuma bakinta ya matse ƙwauri, jini ba zai zaga sosai ba. Saboda haka awon ba ƙawa ba ne.

A yi awon da yamma, gama ƙafa takan ɗan kumbura bayan yinin aiki. Mai ƙafar ya tsaya tsaye a kan kwali, a zagaya ƙafar da fensir, a rubuta sunansa a ajiye, kada a riƙa kiransa kullum gwaji. A auna ƙafa biyun duka, domin sau da yawa ba su zo ɗaya ba. Da tef na tela za a ɗauki kewayen ƙafa a inda ta fi faɗi, watau gindin yatsu, da kewayen idon sawu, da tsawo daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo. In babu tef, igiya ta isa, a ƙulla ta a inda awon ya tsaya.

Sa'an nan sai a gwada hannu. Kowace mace da irin jan zarenta, wata da tsauri, wata sako-sako. A saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, a ƙirga madaukin zare nawa ne cikin inci ɗaya. Wannan shi ne aikin da mata suka fi ƙyuya a kai, shi ne kuwa yake hana warwara daga baya.

Lissafin ba wuya. A ce kewayen ƙafa inci 9 ne. Saƙa tana miƙewa, don haka a rage kashi ɗaya cikin goma, saura wajen inci 8. In hannunki yana ba da madauki 8 a inci, za ki ɗora 64. In zaren mai kauri ne yana ba da 6, sai 48. A zaɓi adadin da zai rabu gida huɗu daidai. Ana saƙa diddige a kan rabin madaukan, watau 32 ko 24, ana soma rage wa yatsu in saura inci 2 a kai tsawon da aka auna. Ga ƙafar da ta rasa yatsu, kwalin nan shi ne jagora, a bi siffarsa. Ga mai kumburi kuwa, a ɗora bakin safa sako-sako, har yatsa biyu su shiga ba tilas.

A saƙa ta a kewaye da allura huɗu ko biyar masu tsini biyu, domin kada a sami ɗinki ko ƙulli a ciki. Inda zare ya ƙare, a haɗa sabon a saƙa su tare, kada a ɗaure. Wadda ba ta da allura ta je wurin mai gyaran keke, wayar ƙafar keke in an yanke aka goge bakinta sumul tana yin aikin.

Zare shi ne matsalarmu. Ga tumaki cike da kasuwa, uda da balami, amma gashi gare su, ba ulu ba. Zaren roba da ake kawowa daga Kano yana riƙe gumi, bai dace da ƙafa mai rauni ba. Gara na auduga, ko a sami tsohuwar rigar ulu ta gwanjo a warware, a wanke zaren ya miƙe. A zaɓi fari ko mai haske, domin in jini ko ruwan miki ya fito a gan shi nan da nan.

Safa ba ta tare ƙaya, ƙarangiya ma son ta take yi. Tilas a sa ta cikin takalmi rufaffe mai laushin ciki, a kakkaɓe rairayi kafin a sa. Kowane dare mai ita ya jiƙa ƙafa cikin ruwan da ba zafi, ya shafa mai, ya duba tafin da kyau, ko wani ya duba masa. In an ga miki, sai asibiti, kada a jira. A saƙa wa kowa safa ta canji, domin in an wanke ɗaya tana shanya a inuwa ya sami ta sawa.