Motar kara a Dakoro, jirgin ƴan fashi a Billund

Da zarar an gama yankan gero a ƙasar Dakoro, an ɗaure dammuna an kai rumbu, abin da ya rage a gona na dabbobi ne da yara. Dabbobi su bi ganye, yara kuma su tsinci karan da ya miƙe, wanda bai fashe ba. Yaro zai zauna da guntuwar reza, ya feɗe bayan karan siri-siri, ya ajiye totuwar gefe guda. Totuwa ce katakonsa, ɓawon da ya feɗe shi ne ƙusa, inda kuma ake son ƙarfi sai ya nemo ƙayar aduwa. Ƙafafun mota daga sakaina ake fafe su, ko daga tsohon silifa. Kafin la'asar an sami babbar motar ɗaukar kaya, har da yaron mota na laka maƙale a baya. Ɗan makiyaya shi ba ruwansa da mota. Yumɓu zai kwaɓa ya gina bijimi, ya tsayar masa da tozo, ya kafa masa dogayen ƙahoni irin na jajayen shanun da ke gangarowa daga wajen Bermo.

Wannan aiki yana da ƴan'uwa a ƙasashe masu nisa, sai dai can masu yinsa da yawa magidanta ne: likitoci, injiniyoyi, malaman makaranta, tsofaffin da suka yi ritaya. Suna tashi daga aiki su zauna gaban tebur su gina ƙaramin birni na zamanin da, ko fagen yaƙi, ko jirgin ƴan fashin teku ya nufi wani tsibiri. Kayan aikinsu ƴan bulo ne na roba da kamfanin LEGO ke yi.

Kafinta ne ya kafa kamfanin, Ole Kirk Christiansen, a garin Billund na ƙasar Danmak a 1932, kuma da kayan wasa na katako ya fara. A 1949 aka soma fitar da bulon roba, amma na farkon ba su da riƙo sosai, da an ɗan ture gini sai ya wargaje. Ranar 28 ga Janairu 1958 ɗansa Godtfred ya kai rajistar dabarar da ta gyara wannan. A saman kowane bulo akwai ƴan maɓallai da suka ɗan taso, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƴan bututu. In aka danna wani kan wani, maɓallan sai su matse tsakanin bututun da bangon bulon. Babu gam, babu ƙusa, matsi ne kawai ke riƙe su, shi ya sa ake iya ɓalle su a sake wani ginin. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne, tsayin bulo milimita 9.6, kuma ƴan falle-falle uku in an jera su sun yi tsayin bulo guda. Ba a taɓa wannan awo ba tun daga lokacin, saboda haka bulon da kaka ya yi wasa da shi zai hau kan wanda jikansa ya saya yau. Wani masanin lissafi ɗan Danmak, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙirga hanyoyin da za a iya haɗa bulo shida masu maɓalli takwas-takwas, ya sami 915,103,765. Bulo shida ke nan kawai.

A 1978 aka fito da ɗan mutum-mutumi mai tsayin santimita 4, mai rawayar fuska da murmushi iri ɗaya ga kowa, kuma a shekarar ne aka soma jerin kayan fadoji da mayaƙan dawaki na Turai. Ƴan fashin teku sun zo a 1989. Su ne na farko da aka yi wa fuskoki daban-daban: gemu, saje, ƙyallen rufe ido. Shugabansu, Kyaftin Redbeard, yana da ƙafar katako da ƙugiya a madadin hannu, jirginsa kuwa, Black Seas Barracuda, mai filafilai masu ratsin ja da fari, har yau ana rububin tsohonsa. Yaran da suka yi wasa da shi a lokacin su ne manyan yau. A 2020 kamfanin ya fitar da wani tsibiri da aka gina da tarkacen wannan jirgi, mai guda 2,545, wanda asalin zanensa na wani mai sha'awa ne ɗan ƙasar Sifen, Pablo Sánchez, bayan mutum 10,000 sun goyi bayansa. An sa masa kuɗi kusan dalar Amurka 200, abin da ya haura jika ɗari na sefa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ba a ganin irinsa a kasuwanninmu.

Amma gwanayen abin ba sa tsayawa kan littafin umarni da ke cikin kwali. Sukan ɗauki faranti ƙarami, mai maɓalli 16 tsawo 16 faɗi, wanda bai kai taƙi guda ba, su ce a nan za a ba da labari sukutum. Ruwan teku da ƴan ƙwayoyi shuɗɗa masu ɗaukar ido ake zuba shi, a sa farare a inda igiyar ruwa ta bugi dutse. Duwatsu ba a jera su a miƙe, sai an karkata wasu, an cakuɗa toka-toka mai haske da mai duhu, don kada gefen tsibiri ya fito kamar bangon siminti. Sandar mayaƙi ta koma igiyar jirgi, ƙafar keke ta koma sitiyarin matuƙi. Daga nan a tsayar da mutanen: wannan ya ɗaga takobi, wancan ya waiwaya, na uku ya riga ya tura kwalekwale da akwatin dukiya bai jira kowa ba. Mai kallo zai gane abin da ya faru da abin da ke shirin faruwa ba tare da an ce masa uffan ba. Ana baje irin waɗannan a tarurruka na shekara-shekara, kamar BrickCon a ƙasar Amurka, kuma gidan LEGO House da aka buɗe a Billund a 2017 yana da zaure na ayyukan masu sha'awa.

Dakoro na da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku, don haka mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da ƴan fashin jirgi. Da ruwanmu kuwa. Hoton da kayan wasan ke nunawa, na aku a kafaɗa da taswirar dukiya, yawancinsa daga littafin Treasure Island ne na Robert Louis Stevenson, na 1883. Tarihin gaske ya fi haka ɗaci, kuma gaɓar Afirka ta Yamma na tsakiyarsa. Jirgin da shahararren ɗan fashi Blackbeard ya yi suna da shi, Queen Anne's Revenge, jirgin bayi ne na Faransa mai suna La Concorde, ya ƙwace shi a 1717 cike da mutanen da aka ɗebo daga Afirka. A shekarar kuma ɗan fashi Sam Bellamy ya kama jirgin bayi na Whydah, wanda sunansa na garin Wida ne da ke Jamhuriyar Benin ta yau, babbar tashar cinikin bayi. Jirgin ya nutse a gaɓar Amurka cikin Afrilun 1717, kuma da aka gano shi a 1984, cikin abin da aka tono har da kayan ado na zinariya na mutanen Akan na Gana. Bartholomew Roberts, wanda ya kama ɗaruruwan jirage, a Cape Lopez na ƙasar Gabon aka kashe shi a 1722, aka kai mutanensa Cape Coast aka rataye 52. Ƴan fashin sun so jiragen bayi ne saboda suna da faɗin ciki da sauri, da wurin girke bindigogi. Kwalin kayan wasa ba ya faɗin wannan. Mai ginin da ya ɗauki aikinsa da gaske, wanda ya je neman yadda cikin jirgin yake don ya gina shi daidai, shi ne zai ci karo da shi.

Nan ne amfanin wannan sha'awa yake a ganina. Mai ba da labari da baki yana iya cewa «sai suka shiga birni» ya wuce. Mai gini ba shi da wannan hanyar. Ta wace ƙofa? Ina ta fuskanta? Mahayi zai shige ta a kan doki ko sai ya sauka? Duk abin da bai sani ba, rami ne zai bari a cikin gininsa, kuma kowa zai gani.

To ga mu da abin ginawa a ƙofar gida. Birnin Lalle, da ke cikin gundumar Dakoro, tarihin Gobirawa ya lissafa shi cikin manyan biranen da sarakunansu suka zauna bayan sun baro Azbin, tun kafin Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, da Tsibiri, da aka kafa a 1836. Yara nawa ne a makarantun Dakoro da Kornaka suka taɓa zama su yi tunanin yadda garin yake a lokacin? A ce wani malami ya raba ajinsa, ya ce a gina masa birnin da yumɓu a kan tsohon ƙyaure. Ƴan ajin za su koma gida da tambayoyi. «Kaka, ganuwar da tubali aka yi ta ko da ƙaya? Ina masu zuwa daga arewa ke sauke raƙumansu?» Tsohon da aka daɗe ba a tambaye shi komai ba zai gyara zama: «Zo nan, ɗan nan, wa ya aiko ka?» Abin da ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya tura yaron wurin makaɗan fada da masu riƙe da sunayen sarakuna.

Ko kuma ayarin gishiri. Kowace shekara wajen Oktoba, Buzayen Azbin na ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da gero, su dawo da kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa. Mai gina wannan dole ya san cewa raƙuman na ɗaure ne a jere, madugu na gaba, kuma kaya mai yawa a tafiyar zuwa ciyawa ce, domin babu abin da dabba za ta ci a hanya. LEGO ya taɓa yin raƙumi a 2010, amma yaron da ya tashi yana ganin amale na durƙusawa a kasuwa zai fi kowace masana'anta sanin inda gwiwarsa ke lanƙwashewa.

Ginin ƙasa kuwa ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Tubalin da magina ke mulmulawa da hannu su shanya, su jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, su ɗora azara, su tayar da zankwaye a saman soro, da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Da ƙasa kuma Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da aka buɗe a 1959, ya daɗe da gane darajar nuna wa mutane gidajen Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye a gine, su zagaya su gani da ido.

Abin da ke damuna shi ne lokacin da muke yanke wa yaro wannan hanya. Da ya kai shekara goma sha biyu za a ce masa ya girma da wasan ƙasa. Yarinyar da ta shirya wa ƴar tsanarta ɗaki da jeren kwanoni na marfin kwalba, ita ma haka. Gaskiya ne akwai aikin gona da kiwo da ɗebo ruwa, kuma ba wanda zai ce a bar su. Amma hannun da ya iya auna kara ya yanka biyu daidai, idon da ya lura ƙafar baya ta babbar mota biyu-biyu ce, su ne hannu da idon kafinta da magini da mai zanen gini. Baturen da ke gina jirginsa yana da shekara hamsin bai fi yaronmu basira ba. Kanta ya samu ya ajiye aikinsa, da abokan da za su duba su ce nan ya yi, nan da saura.

Kayanmu ba sa daɗewa, wannan matsala ce ta gaske. Kara gara ke ci, ko akuya ta riga ta, yumɓun da ba a gasa ba kuwa ruwan farko ya narkar da shi. Roba akasin haka take, har ta wuce kima: a Fabrairun 1997 igiyar ruwa ta kifar da kwantenoni daga jirgin Tokio Express kusa da gaɓar Ingila, ɗaya na ɗauke da guntayen LEGO kusan miliyan 5, kuma har yanzu ana tsintarsu a bakin teku. Namu gyaransa mai sauƙi ne. Masu ginin tukwane na iya gasa wa yara shanunsu da raƙumansu a gefen tukwane, sauran kuma a ɗauke su hoto da waya kafin damina.

Sai awo, wanda shi ne ke raba wasa da aikin gwani. In mutum mai tsayin mita 1.6 ya zama santimita 4, to an rage komai sau 40 ke nan, kuma dole kowane abu a wurin ya bi wannan lissafi. Raƙumi mai mita 2 zai zama santimita 5. Hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, za ta tashi santimita 67 da rabi, ta kai wa ɗan firamare ƙugu. Rijiyar makiyaya mai zurfin mita 40 kuwa mita guda cur za ta ci, ba za ta zauna a kan tebur ba. Sai ƴan ajin su nemo tsohon duro su yanke gefensa, su gina bakin rijiyar da komin ban ruwa a sama, su zura zare da ɗan wasaki zuwa ƙasa, sannan su auna wa bijimin da ke ja filin tafiyarsa, mita guda shi ma, daidai da tsawon igiyar.