Auna ingancin bayanin kayan aiki da ake rubuta wa ɗan aiken na'ura

1. Gabatarwa

Abin da muke kira ɗan aiken na'ura shi ne manhaja mai sarrafa harshe, irin ChatGPT ko Claude, wadda bayan ba da amsa takan zartar da aiki: ta binciko labari, ta aika wasiƙa, ta biya kuɗi. Tana yin haka ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji da ake ce wa kayan aiki. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja wannan hanya a watan Yuni na 2023. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar Model Context Protocol domin daidaita yadda ake gabatar da kayan aikin. Bisa wannan ƙa'ida, ginshiƙan kowane kayan aiki uku ne: suna, da bayani cikin harshen ɗan Adam, da jerin guraben da za a cika, wanda ake tsarawa da JSON Schema. A nan za mu duba yadda ake gane bayani mai kyau.

2. Wa ke karanta bayanin?

Ɗan aiken ba ya ganin abin da ke cikin manhajar, ba ya kuma iya komawa wajen marubucin bayanin ya tambaye shi. Da rubutun kaɗai yake yanke shawara ko zai kira kayan aikin, da abin da zai zuba cikin gurabensa. Saboda haka duk abin da marubuci ya bari a zuciyarsa, ɗan aiken da ƙiyasi zai cika shi.

3. Ma'aunai huɗu

Na farko, bayanin ya faɗi aikin da lokacin yin sa, ya kuma faɗi inda bai dace ba. Idan kaya biyu sun yi kama, kamar mai neman abokin ciniki da sunansa da mai neman sa da lambar waya, wajibi ne kowanne ya nuna abin da ya raba shi da ɗan'uwansa.

Na biyu, kowane gurbi ya zo da ma'auninsa. Mu ɗauki misalin kayan aiki na tura kuɗi, wanda gurbinsa ya ce "yawan kuɗi" kawai. A Maraɗi ko Damagaram da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Wanda ya ce a tura ɗari, sefa 500 yake nufi. Ɗan aiken da ba a gaya masa wannan ba zai iya rubuta 100, manhajar ta karɓa ba tare da ƙorafi ba, tun da lamba ce ingantacciya. Bayani mai kyau zai ce: adadin da sefa ake rubuta shi, idan mai magana ya yi lissafi da dala, a ninka sau 5, idan akwai shakka, a tambaye shi kafin a tura. Hakanan ranar wata: 03/04 a Faransa 3 ga Afrilu ce, a Amurka kuwa 4 ga Maris.

Na uku, bayanin ya faɗi abin da zai dawo, da ma'anar amsar da ta zo babu kome a ciki. Ba a samu ba ne, ko kuwa layi ne ya yanke?

Na huɗu, ya nuna ko aikin na dubawa ne kaɗai ko kuwa mai canza wani abu ne. Duba ragowar kuɗi sau goma ba ya ɓata kome, amma tura kuɗi sau biyu asara ce.

4. Gwaji

Waɗannan ma'aunai jagora ne, hukunci kuwa na gwaji ne. A 2024 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kafa wani jadawali na kwatanta gwanintar manhajoji wajen kiran kayan aiki. Mu a nan juya tsarin muke yi: manhaja ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, bayanin kaɗai ake canzawa. Sai a ƙidaya abu uku: sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cika gurabe daidai, sau nawa kuma ya ƙi kira a inda kiran bai kamata ba. Ana maimaita kowace tambaya, domin amsar manhajar takan canza. Tsawon bayani ma abin awo ne, tun da kowace kalma tana cin wuri cikin abin da ɗan aiken ke iya riƙewa a lokaci guda.

5. Batun amana

A 2025 masu binciken tsaron kwamfuta suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni cikin bayanin kayan aiki, ɗan aiken ya bi shi ya fitar da asirin mai na'ura ba da saninsa ba. Don haka muna ba da shawara mutum ya karanta cikakken bayanin kowane kayan aiki da ya fito daga hannun wani, ya kuma sake karanta shi duk lokacin da aka sabunta shi.