Damana marar alkawali: kowane rashin tabbas da sunansa

Duk shekara da zarar hadari ya soma haɗuwa daga gabas, kalma guda ce ke yawo cikin takardun ma'aikatu da jawaban magabata: wai damanar ƙasarmu « irrégulière » ce. Masu fassara a gidajen radiyo sai su ce "marar tabbas". Fassarar daidai take, amma ba ta ƙosar da manomin da ke tsaye bakin gona da ƙwaryar iri a hannu, yana shawarar ko ya shuka ko ya dakata. Rashin tabbas iri-iri ne, kuma Hausa ta raɗa wa kowane suna. Wanda ya san sunan ya san matakin da zai ɗauka.

Mu fara da abin da ido ke gani. Katangar da ke tangal-tangal faɗuwa za ta yi, sai a tokare ta ko a kauce mata. Gugan da ke reto a bakin rijiya kuwa zai je ya dawo, haƙuri kawai yake bukata. Haƙori mai girgiɗi yana wurinsa, amma gindinsa ya saki. Mutum mai kwan-gaba-kwan-baya ba a gina shiri a kan maganarsa. Mai rikiɗa kamar hawainiya ya fi shi haɗari, tunda shi ba a gane shi sai ya gama sauyawa. Abin da ke zuwa jefi-jefi an san zai zo, ranarsa ce ba a sani ba. Ba-zata kuwa babu wanda ya shirya mata. Ƙila-wa-ƙala ita ce maganar da ba ta zauna ba, ana jin ta a bakin kowa, ba a san tushenta ba.

Kasuwa ma ta san wannan bambanci. Kuɗin tiyar hatsi yana hawa da sauka: ya faɗi da kaka, ya tashi idan rumbuna suka yi ƙasa cikin damana. Wannan motsi ne mai ƙa'ida, mai hali yana iya shirya masa. Amma ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya, ga talakka ba-zata ce, ko da yake manyan ƴan kasuwa sun daɗe suna jin ƙila-wa-ƙala.

To, mu koma ga ruwan sama, inda kuskuren kalma ke iya cinye irin shekara. Na farko, akwai rashin tabbas na lokaci. Ruwa na iya makara. Yana iya sauka a yi shuka sannan ya ɗaga ƙafa, fari ya ƙone tsiro. Yana kuma iya ɗaukewa da wuri, hatsi na tsakiyar fidda kai. Shi ya sa manomi ke rarrabe yayyafi da ruwan shuka, kuma ya san mai yin bizne, wato shuka cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, kasada yake yi da irinsa. A shekara ta 1988 masanin nan Sivakumar, na cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya sa wa wannan sani awo: damana ta kama idan, daga 1 ga Mayu, aka samu milimeta 20 cikin kwana 3, kuma fari bai wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo. A 2004 ɗaukewar ruwa da wuri ce ta haɗu da farin ɗango, aka faɗa cikin ƙarancin cimaka na 2005 a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Na biyu, akwai na wuri. Hadari ya shayar da wannan gari, ya tsallake na kusa da shi; sai manoma su ce ruwan bai game ba. Tun daga 1990, cikin shirin EPSAT-Nijar, masana suka kafa ma'aunan ruwa wajen ɗari kewayen Yamai, suka tarar garuruwan da ke maƙwabtaka da juna kan bambanta ƙwarai a jimlar ruwan shekara guda. Ke nan adadin da aka auna a babban birnin jiha ba shi ne labarin kowace gona ba.

Na uku, akwai reto tsakanin shekaru. Bayan wadatar shekarun 1950 aka shiga farin 1973 da na 1984, har kogin Isa ya daina gudu a Yamai cikin watan Yuni na 1985. Kogin nan dai shi ne ya kai meta 7 a watan Satumba na 2020, ya fasa madatsai ya ci unguwanni. A Satumba na 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Abin nufi, shekara na iya cika awonta da ruwa kamar da bakin ƙwarya sau kaɗan, tsakaninsu kuwa fari. A takarda damana ta yi kyau, a gona kuma an yi asara.

A nan ne nauyi ya hau kan masu magana da jama'a. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma ke haɗuwa kafin damana su fidda hasashe, tare da cibiyoyi biyu da ke zaune a Yamai, ACMAD da AGRHYMET wadda aka kafa a 1974. Hasashen nan ba alkawali ba ne. Rabo ne gida uku: ruwa ya zarce yadda aka saba, ya yi daidai, ko ya kasa, kowane da kasonsa cikin 100. Idan, alal misali, an ba gida na farko kashi 45, mai fassarar da ya ce "bana za a yi ruwa da yawa" ya haɗiye kashi 55. Alhali kuwa Hausa tana da matakala: tabbas, ana kyautata zato, mai yiwuwa, wataƙila, da wuya. Sai a taka matakin da ya dace, a kuma faɗi abin da ake tsoro: makara ce, ko fari a tsakiya, ko ɗaukewa da wuri, ko ambaliya? Mai tsoron ɗaukewa da wuri zai nemi iri mai saurin nuna. Mai tsoron fari bayan ruwan farko zai ɓoye rabin irinsa. Mai tsoron ambaliya zai gyara magudana, ya nisanci kwari.

Saboda haka muna kira ga ƴan jarida, malaman gona da masu shela a kasuwanni da su riƙa kiran kowane haɗari da sunansa. Ruwa ba a hannunmu yake ba, amma kalmar da za mu gaya wa manomi a bakinmu take. Allah ya ba mu damana mai albarka.